Babin da Ake Gane Malami: Nahawun Tsiraici Daga Bodinga Zuwa Holan

Masu karatun zaure a ƙasar Sakkwato sun san akwai babukan da ko ƙaramin ɗalibi zai iya biya wa na ƙasa da shi, akwai kuma waɗanda sai an durƙusa gaban wanda ya ƙoshi. Babin suturce al'aura yana cikin kashi na biyu. Hukuncinsa ba shi da tsawo, wahalar tana bakin mai fassara. Zaure ya cika: ga dattijo mai furfura, ga saurayin da bai ajiye iyali ba, ga suruki da surukinsa gwiwa da gwiwa, wani lokaci ma mata suna sauraro daga cikin gida ta lasifika. Littafi kuwa ya kira abu da sunansa, domin fiƙihu ba ya kewaye-kewaye. In malam ya cika sakayawa, mutum ya tashi bai san iyakar inda zai rufe ba, sallarsa ta shiga garari. In ya saki baki, yara su soma ƙunshe dariya, manya su sunkuyar da kai, kwarjinin majalisi ya zube. Gwani yakan wuce babin nan kowa ya fahimta, babu wanda ya ji kunya, babu ma wanda ya lura an yi wani aiki mai wuya.

Ba a ba da takardar shaida a kan wannan gwaninta, amma duk wanda ya ɗauki karatu a zaurukan Bodinga, Sifawa, Danchadi ko Shagari yana iya bambance wanda ya iya da wanda yake lalube. Jama'a sukan ɗauka kunya ce kawai da iya bakin dattijo. Kunya tana ciki, sai dai ginshiƙan abin su ne nahawu da sarfu da lugga. Kafin malam ya buɗe baki a kan kalma, ya riga ya amsa tambayoyi uku a zuciyarsa: me take nufi a asalinta, wane matsayi ta hau a cikin jimla, kuma a gaban wa ake iya furta ta.

Garin da aka yi wa nahawu waƙa

Bodinga tana kudu da birnin Sakkwato, a kan hanyar da ta bi ta Shagari da Tambuwal ta nufi Jega. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, daga wajajen 1810 har ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi a Bodinga ya yi mazauni, kusa da yayan nasa. A Sifawa ne a 1812 aka danƙa masa kula da yammacin daula, aka ba Muhammadu Bello gabas. A Bodinga labarin rasuwar Shehu ya iske shi a 1817, daga baya ya koma Gwandu, inda ya cika a 1829.

Littattafan tarihi sun fi tuna shi da fagen fama da shari'a da tsarin mulki. Almajirai kuwa da nahawu suka san shi. Shi ne mai Bahrul Muhiɗ, inda ya tsara nahawun Larabci a waƙe cikin baituka sama da 4,000, bisa aikin Imam Suyuɗi na Masar wanda ya rasu a 1505. Shi ne mai Hisnur Rasin a fannin sarfu, wato ilimin yadda kalma ke jujjuyawa daga saiwarta. Tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, a shekarun zamansa na wannan yanki ya kammala shi, wajajen 1816, kuma duk wanda ya buɗe shi ya san marubucin ba ya wuce kalma sai ya ga wasalin ƙarshenta. A wani ƙaramin littafi mai suna Ida'un Nusukhi ya jera malamansa da abin da ya karanta wurin kowanne. A nan ya faɗa cewa wurin Shehu da kansa ya karanta Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu.

Tsanin nan shi ake hawa har yau. Yaron da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun littattafai da Ahalari zai fara, ya je Ishmawi da Iziyya da Risala, in Allah ya ba shi juriya ya kai Askari da Muhtasar na Halilu. A gefe guda yana jan Ajuruma, har ya kai Alfiyyar Ibnu Malik. Tsarin ɗaukar karatun ma bai sake ba: ɗalibi ya karanto gaɓa ɗaya ta Larabci ya dakata, malam ya ba da Hausarta, ɗalibi ya ce na'am ya ci gaba. A cikin wannan ɗan numfashi tsakanin gaɓa da gaɓa ake yin duk aikin da muke magana a kai.

Saiwoyi uku da ba a cakuɗa su

Abu na farko da gwani yake yi shi ne raba kalmomin da kunnen Bahaushe yake ji kamar dangin juna ne. Uryan da al'aura duk da harafin ainun suka fara, duk kuma a babi ɗaya ake haɗuwa da su, amma saiwarsu daban. Uryan daga ainun, ra, ya take, ma'anarta rashin tufa a jiki. Al'aura daga ainun, wawu, ra take, saiwar da ke ɗauke da ma'anar aibi da kafar da ake tsoron a shigo ta cikinta. Shi ya sa a Suratul Ahzabi aka yi amfani da ita ga gidajen da aka ce ba su da kariya, a Suratun Nuri kuma ga lokuta uku da ake neman izini kafin a shiga wa mutum ɗaki: kafin asuba, da tsakar rana lokacin ƙailula, da bayan lisha. Ta farko hali ce da mutum ke shiga ya fita. Ta biyu iyaka ce da shari'a ta shata a jiki, tana nan ko mutum ya sa riga goma.

Wanda bai raba waɗannan ba zai fassara duka da tsiraici, kuma Hausa za ta bar shi, tunda muna cewa wane ya rufe tsiraicinsa. Amma hukunci zai rikice masa. Manomin da ya tuɓe riga a gona yana huɗa, wandonsa ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, jikinsa a waje yake amma al'aurarsa a rufe. Wanda ya sha babbar riga shara-shara da ake hango fata ta cikinta yana da tufa, al'aurarsa kuwa ba ta suturtu ba. Malaman Malikiyya sun ƙara raba al'aurar gida biyu, mai kauri da mai sauƙi, domin bayyanar ta farko a salla ta fi ta biyu nauyin hukunci. Har mas'alar waɗanda aka yi wa fashi ko jirgi ya kife da su suka rasa tufa an tanada: in cikin duhu ne su yi jam'i kamar kowa, in da haske su rarrabu, in ba halin rarrabuwa su yi a tsaye idanu a runtse, limaminsu a tsakiyar sahu. Malamin da ya iya yakan karantar da wannan mas'ala fuska a ɗaure, murya a daidaice, ya ce waɗanda suka rasa sutura, ya wuce. Da ya ce huntaye, da zaure ya fashe.

Saiwa ta uku ita ce jim, ra, dal, mai ma'anar tuɓewa ko saɓule wani abu daga wani. Ita ake ji a babin aikin hajji, inda namiji yake tuɓe ɗinkakkun tufafi ya ɗaura harami. Ita ce kuma a sarfu, inda ake kiran aikatau da ba a yi masa ƙarin harafi ba mujarradi, kishiyar mazidi. Alhaji a Mina ba tsirara yake ba, aikatau kuma ba shi da jikin da za a rufe. Don haka a hajji malam zai ce tuɓe ɗinki, a sarfu ya ce wanda ba shi da ƙari.

Wasalin ƙarshe shi ke zaɓen Hausar

Inda abin ya fi burgewa shi ne yadda i'irabi yake nuna wa malam kalmar Hausar da zai ɗauka. A ce ɗalibi ya karanto ja'a rajulun uryanun. Kalmar ƙarshe tana da rufu'a biyu, ta bi mutumin a wasali, saboda haka sifa ce da ke bayyana wane irin mutum ne: wani mutum marar tufa ya zo. In kuwa ja'ar rajulu uryanan ya karanto, da fataha biyu, ta zama hali, tana faɗin yanayin da ya zo a ciki: mutumin ya zo tsirara. Bambancin a ƙarshen uryan wasali ɗaya ne a Larabci, a Hausa kuwa ya sauya kalma ya sauya ginin jimla. Malam yana jin wasalin tun kafin ɗalibi ya rufe baki. In ɗalibin ya yi lahani, wato ya karkata wasalin, sai ka ji an ce masa sake dai, ba a ba shi Hausar ba sai ya gyara.

Akwai tarkon da ake kama ɗaliban da suka fara jin kansu. Sun haddace cewa sifar da ta ƙare da alif da nun na ƙari, irin su aɗshan mai jin ƙishi da sakran mashayi, ba ta karɓar tanwini. Sai su iso uryan su hana ta. A nan za ka ji ɗalibi ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ai alif da nun na gani." Malam ya tambaye shi yadda ake faɗin macen. Aɗshan macensa aɗsha, uryan kuwa macensa uryana, da ta a ƙarshe, ga shi kuma harafinsa na farko rufu'a gare shi, ba fataha ba. Sharaɗi bai cika ba, tanwini ya dawo. 'Yar'uwarta ari tana da nata halin: in ba ta da alif da lam a gaba, harafin ya na ƙarshenta yakan faɗi a ce arin, ya dawo in an yi mata fataha a ce ariyan, jam'inta kuma urat.

Wannan kalma ta ari tana jiran ɗalibi a inda bai zata ba. Ibnu Ajurum mai Ajuruma, mutumin Fas da ya rasu a 1323, da ya zo bayanin mubtada'i, sunan da ake buɗe jimla da shi, da ita ya siffanta shi, yana nufin sunan da babu wata kalma a gabansa da ke juya masa wasali. Sabon hannu zai ce suna huntu, yara su yi ta maimaitawa har sati. Tsofaffin malamai wata kalma suka tanada wa irin wannan gurbi, wofinta: sunan da ya wofinta daga masu aiki a kansa. Hausar zaure cike take da irin waɗannan kalmomi da aka gada baki da baki, waɗanda ba a jin su a kasuwa, kuma kowacce an ajiye ta ne don toshe wata kafa.

Kayan aikin da Hausa ta ba shi

Malamin da ya san Larabci bai san Hausarsa ba rabin gwani ne. Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma kowacce da ɗabi'arta a jimla.

Huntu sifa ce cikakkiya. Tana bin jinsi da adadi: huntu, huntuwa, huntaye. In ta gabaci suna sai ta ɗauki mahaɗi, a ce huntun yaro, huntuwar yarinya, huntayen yara. In ta biyo baya sai ta tsaya haka nan, yaro huntu. Tana kuma iya zama suna da kanta, a ce huntu ya shigo. A bakin Basakkwace dirkar da ke biye da ita takan zama na ko ta a maimakon ne ko ce, a ji huntu na, huntuwa ta, kuma mahaɗin mace yakan narke cikin baƙin da ke gabansa, a ji huntuway yarinya. Sai dai huntu tana ɗauke da kaya. Ba ta tsaya ga wanda ya tuɓe don wanka ba, takan nuna wanda ba shi da abin sawa, matsiyaci, wani lokaci har da raini. Huntanci zargi ne ko tausayi, ba bayani kawai ba.

Tsirara kuwa ba ruwanta da jinsi ko adadi. Ya fito tsirara, ta fito tsirara, sun fito tsirara. Aikinta ya fi kama da na bayanau, tana faɗin yanayi, shi ya sa ta dace da halin Larabci. Ba a cewa tsiraran yaro. Amma tana zama suna ta hau bayan harafi, kamar a karin maganar nan, da tsirara gara baƙin bante, tana kuma karɓar wakilin suna, a ce an faɗa masa gaskiya tsirararta. Daga gare ta aka sami tsiraici da aikatau tsiraita, wanda ya wuce jiki ya kai ga mutunci: an tsiraita shi a bainar jama'a yana iya nufin an tona masa asiri alhali yana cikin rawani. Tana da matakai ma. Uwar da ta ga 'yarta za ta fita ba mayafi ta ce ina za ki tsirara haka, ba tana nufin ba zane a jikinta ba. Ɗan dambe da ɗan kokawa a fage da ɗan abin da suka ɗaura babu mai ce musu tsirara, domin wurin ya yarda da shigar.

Sai amsa-kama: zigidir, zindir, tumɓur, tik, da kuma haihuwar uwarsa da ake ƙarawa don kai magana maƙura. Waɗannan hoto suke zanawa a idon mai sauraro. Mai tatsuniya yana son su, uwa mai korar yaro ya je ya sa wando tana son su, mai ba da labarin mahaukaci a kasuwa yana son su. Malam a kan buzu ya san su sarai, kuma saninsu ne ya sa ba ya taɓa su. A madadinsu yana da gaba da baya, da mafita biyu, da tsakanin cibiya da gwiwa, da rashin sutura. In wuri ya yi wuri, inda Hausar za ta yi nauyi kuma sakayawa za ta ɓata hukunci, sai ya bar kalmar da Larabcinta, ya ce farji ko zakari ko dubura. Baligi ya gane, ƙaramin yaro ta wuce shi, hukunci ya isa inda aka aike shi.

Yadda mutanen Holan suka raba nasu

Mai son ya auna girman wannan aiki ya dubi wani harshe da ba ruwansa da mu. Bahaushe ya san Holan ta hanyar atamfa, wadda kamfanin Vlisco na garin Helmond, da aka kafa a 1846, yake bugawa. Harshensu, Holanci, mutum sama da miliyan 20 ne suka tashi da shi a Holan da arewacin Beljiyam da Surinam. Su ma kalma biyu gare su, naakt da bloot, kuma baƙon da ke koyon harshen yana tuntuɓe a kansu.

Naakt 'yar'uwar nackt ce ta Jamusanci, dangin nudus na Latin. Ta fi nuna jiki gaba ɗaya ba tufa, kuma ita ce ta likita da ɗan jarida da mai zane. Nahawunta ya rataya ne a kan wasali ɗaya mai rauni, e, da ake liƙa mata a ƙeya. Sunayen Holanci kashi biyu ne, masu ɗaukar de da masu ɗaukar het. Namiji da mace, man da vrouw, 'yan de ne. Yaro, kind, ɗan het ne. In sifa ta gabaci suna takan ɗauki e: een naakte man, een naakte vrouw, het naakte kind, naakte kinderen. Wuri ɗaya tak take ajiye shi, in sunan ɗan het ne, tilo, kuma ba sananne ba: een naakt kind. In kuwa ta zo bayan aikatau, sai ta tsaya cak ko wa ake magana a kai: de man is naakt, de kinderen zijn naakt. Ke nan kalma ɗaya tana yin aikin huntu a gaban suna, tana yin na tsirara a bayan aikatau. Abin da Hausa ta raba wa kalma biyu, Larabci ya raba wa rufu'a da fataha, Holanci ya damƙa wa e guda. Tana kuma zama suna, het naakt, zanen mutum ba tufa, ta haifi naaktheid, wato tsiraici, har ta shiga sunan dodon-koɗin da ba shi da ƙoƙo a baya, naaktslak.

Bloot ta fi zama ta cikin gida, kuma ita ake ba gaɓa ɗaya ta jiki: blote voeten ƙafa ba takalmi, blote armen damatsa a waje. A lura da rubutun. Bloot ta rasa o ɗaya da ta zama blote, domin ƙa'idarsu ita ce dogon wasali a buɗaɗɗiyar gaɓa da harafi ɗaya ake rubuta shi. Naakte ta riƙe aa ɗinta saboda k ya rufe gaɓar. Daga jiki bloot ta miƙe zuwa ma'anar zalla ko tsura. Met het blote oog shi ne ganin abu ba na'ura, abin da mu muke cewa da ƙwayar ido, kamar ganin jinjirin watan da ake kai shaidarsa fadar Sarkin Musulmi. Uit het blote hoofd shi ne kawo karatu da ka. Onder de blote hemel shi ne kwana a filin Allah. Tafintan da ya ce ido tsirara ko kai tsirara ya fassara haruffa ya bar magana. A shari'arsu akwai bloot eigendom, wanda a bakin mutanen Beljiyam aka fi jin sa da naakte eigendom: mutum ya mallaki gida amma cin moriyarsa na wani ne. Ɗalibin Risala ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san umra, inda ake ba mutum amfanin gida tsawon rayuwarsa, asalin mallaka kuma ta zauna wurin mai shi.

Wurare biyu ne Hausa da Holanci suka yi kiciɓis. De naakte waarheid ita ce gaskiya tsirararta. Kuma in suna son ƙarfafawa, inda mu za mu kawo amsa-kama, su sukan haɗa kalma biyu su ce spiernaakt ko moedernaakt. Moeder uwa ce. Haihuwar uwarsa ke nan.

Dangantakar ba ta tsaya ga kamanni ba. A Jami'ar Leiden, wadda aka kafa a 1575, wani malamin Larabci mai suna Thomas Erpenius ya buga Ajuruma da fassarar Latin a 1617, kusan shekara 150 kafin a haifi Malam Abdullahi. Shi ma sai da ya tsaya a kan kalmar ari ya nemo mata abin da zai ce. A garin nan ne kamfanin Brill ya buga kundin John Hunwick na 1995 da ya jera rubuce-rubucen malaman wannan yanki, har da na mai Bodinga. Paul Newman, wanda ya fitar da babban littafin nahawun Hausa a 2000, ya koyar a Leiden bayan zamansa a Kano.

Daga zaure zuwa aji da asibiti

Ba a koyon wannan gwaninta daga littafi ɗaya. Ɗalibi yakan maimaita littafi gaban malamai daban-daban, ya ji yadda kowanne ya fita daga gurbi guda, ya riƙe wadda ta fi tsabta. Yakan fara biya wa ƙanana malam yana saurare daga gefe. Ranar da aka bar shi da babin wanka ko na haila ko na al'aura ba a tsoma masa baki ba, ranar ya san an yarda da shi. Mata ma suna da nasu layin tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da jajojinta masu kai karatu ƙauyuka, domin akwai tambayar da mace ba za ta yi ba sai gaban mace.

Shagari ta ba da misalin yadda tarbiyyar nan take tsallakawa zuwa boko. Alhaji Shehu Shagari, da aka haifa a garin a 1925, da allo ya fara kafin ya je elementare a Yabo, ya wuce midil ta Sakkwato da kwalejin Kaduna. Kafin siyasa ta kai shi shugabancin ƙasa daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta ne, ya koyar da kimiyya a Sakkwato, ya riƙe makaranta a Argungu. Da ya so yara su riƙe labarin ƙasa, sai ya tsara shi a Waƙar Nijeriya, dabarar da Malam Abdullahi ya yi wa nahawu. Kwalejin horon malamai ta Sakkwato sunansa take ɗauke da shi, kuma duk wanda ta yaye ya shiga aji zai tarar da matsalar zaure tana jiransa: darasin sassan jiki da na balaga, gaban yara maza da mata, da Hausar da iyaye ba za su zo ƙorafi ba.

Haka ma'aikaciyar jinya da za ta gaya wa dattijuwa inda za a duba, da alƙalin da zai saurari shaida a ƙarar da ta shafi mutunci, da mai fassara labarai a rediyo da aka miƙo masa takarda minti kaɗan kafin ya shiga, da mai rubutu a Facebook. Yawancin kwaɓar da ake ji a yau daga ɗayan biyu take: ko a ɗauko kalmar kasuwa a kai ta inda ba ta dace ba, ko a gudu zuwa Ingilishi a bar mai sauraro a duhu. Malaman zaure sun warware wannan tun tuni, sai dai maganin yana bakinsu, ba a rubuce yake ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 za su ba ka ma'anar huntu da tsirara, amma ba za su zaunar da kai ka ji wadda ake ɗauka in suruki yana wurin ba.

Saboda haka kira ya tafi ga sassan Hausa da Larabci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejojin jihar: a tura ɗalibai Bodinga da Shagari da ƙauyukansu, a nemi izinin malamai, a naɗi karatun Ahalari da Risala da Ajuruma daga farko har ƙarshe, a tattara Hausar zaure a yi mata ƙamus. Kai kuma mai karatu, in akwai dattijon da ke ba da karatu a unguwarku, ɗauki littafinka ka je, ka kasa kunne musamman a babukan da ake jin nauyi. A nan za ka san ko wane ne malam.